Me ya sa x − 3 ke gusar da layi zuwa dama, ba hagu ba?

Wani matashin malami da ke koyar da lissafi a wata sakandare a Daura ya rubuto mini tambaya. Yana koya wa 'yan aji biyu na babbar sakandare yadda ake gusar da layi a takardar giraf, ya ce musu in f(x) ya koma f(x − 3), layin zai matsa dama da gida uku. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai debewa hagu take kai mutum a layin lambobi, ya aka yi a nan ta kai mu dama?" Ya ce mata haka ƙa'ida take. Da aka zana y = 2x da y = 2(x − 3) a allo, sai wani yaro daga baya ya ce shi bai ga layin ya yi dama ba, ƙasa ya ga ya yi. Malamin ya ce da ya ƙura wa allon ido, shi ma sai ya ga kamar yaron ya fi shi gaskiya. Yana son sanin inda gizo ke saƙar.

Malam, sannu da fama da yara, Allah ya saka da alheri. Ɗaliban nan biyu ka riƙe su da kyau, domin kowannensu ya hango wani abu na gaskiya. Amsar nan ta "haka ƙa'ida take" ni ma na sha bayar da ita a shekarun farko da na fara riƙe alli a nan Katsina, kuma na san ranar da na daina: ranar da na gane cewa ni kaina haddace abin na yi, ban fahimce shi ba. Bari mu ajiye allo tukuna mu tafi tasha.

Daga Katsina zuwa Daura ta Mashi kimanin kilomita 80 ne. A ce mota ta farko ta cika da ƙarfe takwas na safe, ta tashi, tana gudun kilomita 60 a awa ba ragi ba ƙari. Na san babu direban da hanya za ta bari ya yi haka, ga shingaye ga masu sauka a hanya, amma lissafi yakan nemi a yi masa wannan alfarma. In t shi ne yawan awannin da suka wuce tun ƙarfe takwas, d kuma nisan da motar ta ci, to d = 60t. Da ƙarfe tara ta ci kilomita 60. Da tara da minti ashirin ta shiga Daura.

Mota ta biyu lodi ya yi mata wuya, ɗan kamasho ya yi ta kira, ba ta cika ba sai takwas da rabi. Gudunta ɗaya da ta farko. To da ƙarfe tara nawa ta ci? Agogonmu na cewa awa ɗaya ta wuce, t = 1, amma direban ya san rabin awa kawai ya yi yana tuƙi, sauran rabin a tasha ya ƙare. Dole a cire masa rabin awar da bai yi tafiya ba kafin a ninka da gudunsa: d = 60(t − ½). Da ƙarfe tara kenan ya ci kilomita 30. Yaushe zai kai kilomita 60 da ta farko ta kai da ƙarfe tara? Sai tara da rabi. Yaushe zai shiga Daura? Sai goma saura minti goma. Duk abin da mota ta farko ta yi, ta biyu za ta yi shi sak, amma bayan rabin awa. A takardar giraf kuwa, inda lokaci ke kwance a layin ƙasa yana ƙaruwa zuwa dama, "bayan rabin awa" na nufin rabin gida zuwa dama. Ka ga debewa a cikin baka, ga kuma layi ya matsa dama, babu wanda ya saɓa wa wani.

Abin da ɗalibarka ta ɗauka shi ne alamar debewar nan umarni ce ga layi, tana ce masa "koma baya". Alhali alamar ba da layi take magana ba, da x take yi. Tana rage x tun kafin ya shiga cikin lissafin. Ka ɗauki fankshin, wato f ɗin da ke cikin f(x), kamar injin niƙa: ka zuba hatsi, gari ya fito. Yanzu a ce an ajiye wani a bakin ƙofa, duk wanda ya zo da hatsi sai ya ɗebi mudu uku kafin ya bari a zuba. In kana son ka koma gida da garin da ka saba samu daga mudu biyar, yanzu sai ka zo da mudu takwas. Injin bai canza ba. Abin da ya canza shi ne yawan abin da dole ki kawo. Haka f(x − 3) take: kowane sakamako da aka saba samu a wani x, yanzu sai an ƙara uku a kan wannan x ɗin kafin a same shi. Ƙarin x kuwa tafiya dama ne.

Juya abin ka gani. Mota ta uku ta yi sammako, ta tashi bakwai da rabi. Lokacin da agogonmu ya fara ƙirga, t = 0, ita ta riga ta yi rabin awa a hanya, don haka ƙara mata za a yi: d = 60(t + ½). In ka yi sammako, wani a tafe ya kwana. Komai nata ya riga na mota ta farko faruwa, saboda haka layinta yana hagu. Alamar tarawa a cikin baka, layi ya yi hagu.

In ka koma aji, kada ka fara da zana layi. Fara da jadawali, kuma ka cika shi ta hanyar da yara ba su saba ba. Sun saba a ba su x su nemo y. Kai ka ba su y su nemo x. A y = 2x, sifili yana fitowa a x = 0, biyu a x = 1, huɗu a x = 2. To a y = 2(x − 3), a ina sifili zai fito? Sai abin cikin baka ya zama sifili, wato x = 3. Biyu fa? Sai abin cikin baka ya zama ɗaya, x = 4. Huɗu kuma a x = 5. Ka jera su: 0, 1, 2 sun koma 3, 4, 5, y kuwa bai motsa ba. Yarinyar da kanta za ta ga an ƙara uku. Tambaya ɗaya da nake so ta zauna a bakin kowane ɗalibi ita ce: wane x ne zai mayar da abin cikin baka sifili? Ga x − 3 amsar 3 ce, dama. Ga x + 5 amsar −5 ce, hagu. Wanda ya riƙe wannan tambayar ba ya bukatar haddar "debewa dama, tarawa hagu", wadda ko an haddace ta takan juye wa yaro a ɗakin jarrabawa.

Wannan ɗan aikin na mayar da x − 3 = 0 ya zama x = 3, shi ne ma ya ba fannin aljabara sunansa. Muhammad bin Musa Alkhawarizmi, wanda ya rayu a Bagadaza, ya rubuta littafinsa wajejen shekarar 820, kuma kalmar aljabru da ya yi amfani da ita tana nufin ɗori, irin wanda maɗori ke yi wa ƙashin da ya karye. Abin da aka ɗebe a wani ɓangare a mayar da shi ta hanyar ƙara shi a ɓangarorin biyu. Shi da kalmomi ya yi lissafinsa, babu x babu giraf. Haɗa aljabara da zane sai da aka jira Bafaranshen nan René Descartes a 1637, rubutun f(x) kuma Leonhard Euler ya shigo da shi a 1734, kusan lokacin da namu malamin, Muhammad bin Muhammad Alfulani Alkashinawi, ya rubuta aikinsa kan jera lambobi a gidajen hatimi, a 1732, kafin ya rasu a Alƙahira a 1741. Tsakanin Alkhawarizmi da Descartes sama da shekara 800 ne. Yarinyar da ta yi tuntuɓe a darasi ɗaya ba ta yi abin kunya ba.

Akwai wani abin da ke ƙara rikita yara, kuma laifin yadda muke rubutu ne. Muna ce musu f(x) + 2 sama take kai layi, yadda hankali ke tsammani, amma f(x − 3) kishiyar tsammani take yi. Sai su ɗauka x yana da wata baƙar ɗabi'a da y ba shi da ita. Halinsu ɗaya. Rubuta y = f(x) + 2, ka ƙetarar da biyun, ya zama y − 2 = f(x). Ga debewa nan manne da y, layi kuma ya yi sama, wato ɓangaren da y ke ƙaruwa. Daidai abin da x − 3 ya yi kenan: debewa manne da x, layi ya yi ɓangaren da x ke ƙaruwa. Cikakken rubutun shi ne y − k = f(x − h). Don mun saba barin y shi kaɗai a hagu ne muke kwashe k mu kai shi ɗaya ɓangaren, alamarsa ta juye, asirin ya rufu. Ɗalibanka ma sun san wannan siffar ba tare da sun sani ba: y − y₁ = m(x − x₁), da suke amfani da ita wajen nemo layin da ya ratsa wani ɗigo. Ba komai ba ce illa layin y = mx da aka ɗauke daga cibiya, wato ɗigon (0, 0), aka kai shi kan ɗigon (x₁, y₁), dama da x₁, sama da y₁.

Sai maganar yaron da ya ce ƙasa ya ga layin ya yi. Wannan ta fi ta farko daɗi a wurina.

Koma kan mota ta biyu ka buɗe baka: 60(t − ½) = 60t − 30. Karanta shi yanzu: nisan mota ta farko, a cire kilomita 30. Mutumin da ke zaune bakin titi a Mashi da agogo a hannu zai ce tsakanin motocin nan rabin awa ne. Fasinjoji biyu da ke waya da juna, ɗaya a wannan motar ɗaya a waccan, za su ce tsakaninsu kilomita 30 ne. Wa ya yi ƙarya? Babu. Ɗaya ya tsayar da wuri ya auna lokaci, wato ya auna a kwance. Ɗayan ya tsayar da lokaci ya auna nisa, ya auna a tsaye. Tazara ɗaya ce da ma'auni biyu, abin da ke canja wannan zuwa wancan kuwa shi ne gudun motar. A allonka ma haka ne: 2(x − 3) = 2x − 6. Dama da gida uku, ko ƙasa da gida shida, layi ɗaya ake samu. Kai ka faɗi na farko, yaron ya ga na biyu.

Dalilin da ido ba ya iya rabewa shi ne miƙaƙƙen layi ba shi da wata shaida a jikinsa. Ba shi da kai, ba shi da gwiwa, ba shi da ƙarshe. Ka tsaya a gona ka dubi kunyoyi da aka ja a karkace: kunya ta biyu tana gabas da ta farko ne ko kudu da ita? Duk wanda ka zaɓa ka yi daidai, ya danganta da inda ka taka ka nufe ta. Har ma ba biyu kaɗai ba ne hanyoyin. Ka matsar da y = 2x dama da gida ɗaya sannan ƙasa da huɗu, za ka samu 2(x − 1) − 4, wanda shi ma 2x − 6 ne. In kuwa ka matsar da shi dama da ɗaya, sama da biyu, zai zame a kan kansa ya dawo yadda yake, kamar ba a taɓa shi ba. Saboda haka in aka ba ka layuka biyu masu gangare ɗaya aka ce wace gusawa aka yi, tambayar ba ta cika ba sai an faɗi ta wace fuska ake nufi.

Abin da nake yi a aji shi ne in zo da igiya in ƙulla mata ƙulli ɗaya a tsakiya. Yara biyu su ja ta a karkace a jikin allo, a zana inda take, a sa alama a wurin ƙullin. Sai su matsa dama da taku ɗaya, a sake zanawa. Sannan a dawo wurin farko, a sauke ta ƙasa har ta hau kan zane na biyu. Igiyar ta kwanta wuri ɗaya a duka biyun, amma ƙullin yana wurare dabam. Ƙullin ne kaɗai ke ba da labarin hanyar da aka bi. A takarda, ƙullin da ya fi sauƙin bi shi ne inda layi ya yanke layin x, domin a nan y sifili ne kafin gusawa da bayanta.

A dunƙule, in layinka y = mx + c ne ka gusar da shi dama da h, za ka samu m(x − h) + c, wato mx + (c − mh). Gangaren layin, m, wanda kuke kira giradiyan, bai canza ba, shi ya sa sabon layin da tsohon ba za su taɓa haɗuwa ba. Abin da ya canza shi ne inda yake yanke layin y: ya sauka da mh. Ka lura da m ɗin nan, domin duk rigimar a kansa take. In layin mai hawa ne sosai, 'yar gusawa kaɗan a kwance takan zama faɗuwa mai yawa a tsaye. In m = 1 ne, lambobin biyu sukan zo ɗaya, kuma wannan ne ya sa ba na son a fara koyar da darasin da y = x, kodayake littattafai da yawa da shi suke farawa. Yaro zai ga y = x − 3, ya kasa gane ko ukun na x ne ko na y, ya tafi da zaton cewa kullum haka lambobin ke daidaita.

Kada kuma yaron nan ya tafi da cewa dama kullum ƙasa take nufi. Ɗauki janareto da aka zuba wa lita 20, yana shan lita 2 a awa. In an tayar da shi da ƙarfe shida na yamma, man da ya rage bayan awa t shi ne y = 20 − 2t, zai ƙare a t = 10. Ranar da aka yi sa'a wuta ba ta ɗauke ba sai ƙarfe tara, an tayar da shi a makare da awa uku: y = 20 − 2(t − 3) = 26 − 2t. Zai ƙare a t = 13. Layin ya matsa dama da uku, amma a tsaye sama ya yi da shida, domin daga ƙarfe tara har zuwa lokacin da man jiya ya ƙare, a kowane lokaci ka leƙa tankin za ka tarar da lita shida fiye da na jiya. Layi mai gangarowa, in ya yi dama, sama ya yi. Layin da ke kwance ɗam kuwa, irin y = 4, ko ka gusar da shi daga nan zuwa Jibiya yana nan yadda yake, tunda m sifili ne, mh ma sifili.

Wani ɗalibi mai kaifin kai zai iya tsayar da kai a nan ya ce, "Malam, ina aka samu lita 26 alhali 20 aka zuba?" Ka yaba masa. Lambar 26 ba ta taɓa shiga tanki ba. Ita ce abin da layin zai nuna in aka ja shi baya zuwa t = 0, lokacin da injin ma bai fara aiki ba. Haka −30 na mota ta biyu: da ƙarfe takwas ba ta kilomita 30 a bayan Katsina, tana tsaye a tasha ana lodi. Wato gusawa ba layin kaɗai take ɗauka ba, har da iyakar inda lissafin ke aiki. Na janareto yana aiki daga 0 zuwa 10 a daren farko, daga 3 zuwa 13 a na biyu. Da zarar layi ya samu farko da ƙarshe kuwa, ya samu shaida a jiki, kuma a nan gusawa a kwance da gusawa a tsaye sun rabu: guntun layi da aka matsar dama ba ya sauka inda wanda aka ɗaga sama ya sauka.

Kurakuran da na fi gani a takardun yara kusan duk daga baka suke. A ba yaro f(x) = 2x + 1 a ce ya nemo f(x − 3), sai ya rubuta 2x − 3 + 1, ya samu 2x − 2. Ya manta biyun tana ninka duk abin da ya maye gurbin x. Daidai shi ne 2(x − 3) + 1 = 2x − 5. Maganin da na samu shi ne in sa su fara rubuta f( ) = 2( ) + 1 da baka fanko, sannan su zuba abin da aka ba su a ciki. Kishiyar wannan kuskuren kuma, a nuna masa y = 3x + 12 a ce nawa aka gusar da y = 3x a kwance, sai ya ce goma sha biyu zuwa hagu. Sai an fitar da ukun waje tukuna: 3(x + 4), hagu da huɗu. Wannan kuskuren yana bin yara har cikin lissafin zurfi, inda za su haɗu da f(2x − 6) su ce shida, alhali uku ne. In an ba ka layuka biyu kamar y = 3x + 2 da y = 3x − 10, hanyar da ta fi aminci ita ce ka zaɓi y ɗaya ka ga inda kowanne ya kai shi. Na farko yana ba da 2 a x = 0. Na biyu yana ba da 2 in 3x = 12, wato x = 4. Dama da huɗu. Wanda ke son gajeriyar hanya ya raba bambancin tsaye da gangare, 12 a raba da 3.

To tunda ga miƙaƙƙen layi duk gusawa a kwance ana iya mayar da ita ta tsaye, me ya sa ake wahalar da yara da ita? Domin sau da yawa rubutun mai baka shi ke ɗauke da ma'ana, in ka buɗe bakan sai ma'anar ta zube. Duba yadda ake ƙiyasta shekarar Hijira daga ta Miladiyya. Shekarar wata kwana 354 ce ko 355, ta rana 365 ko 366, saboda haka shekara 33 ta wata ta yi kusan 32 ta rana. Hijira kuma ta auku a 622. Ƙiyasin kenan H = (33/32)(M − 622). Gwada da 1804, shekarar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu: a cire 622 saura 1182, a ninka da 33 a raba da 32, a samu 1218 da ɗoriya, kuma a 1218 ɗin aka yi ta. Gwada da 1987 da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, za ka samu 1407 da ɗoriya, shekarar kuwa ta ratsa 1407 da 1408. Yanzu buɗe bakan: kusan 1.031M − 641. Lissafin bai canza ba, amma me 641 ke nufi? Ba komai. Lambar 622 kuwa kowane ɗan Islamiyya ya san ta, ita ce inda ƙirgen ya fara, inda layin ya yanke layin kwance.

Haka ma'aunin zafi. Tsofaffin ma'aunan zafin jiki da wasu wayoyi suna nuna Faranhait, mu kuma Salshiyos muka saba. C = (5/9)(F − 32). Lambar 32 ita ce inda ruwa ke daskarewa a ma'aunin Faranhait, wato inda Salshiyos ke sifili. Zafin watan Afrilu a Katsina in ya kai 104 a Faranhait, cire 32 saura 72, ninka da biyar raba da tara, 40 kenan. In ka buɗe baka sai ka samu wata −17.8 da ba mai iya tunawa. Ko shekarun mutum ma gusawa ce: shekarar da ake ciki a cire shekarar haihuwa. Wanda aka haifa daga baya lambar da ake cire masa ta fi girma, layinsa kuma ya fi kusa da dama. Wannan misalin kan shiga kan yara da wuri, tunda kowa ya san ƙanensa zai kai shekara goma, amma sai bayan shi.

Dalili na biyu shi ne abin da ke gabansu. Da zarar sun bar miƙaƙƙen layi, rangwamen nan na musanya kwance da tsaye ya ƙare. Zanen y = x² yana da gindi, wuri guda da ya fi ko'ina ƙasa, wato ya zo da ƙullinsa. Matsar da shi dama da uku, y = (x − 3)², gindin ya koma (3, 0). Saukar da shi ƙasa da uku, y = x² − 3, gindin ya koma (0, −3). Zane biyu ne dabam, kuma babu wata saukarwa ko ɗagawa da za ta mayar da ɗaya ya zama ɗayan. Buɗe (x − 3)² ka ga dalili: x² − 6x + 9. Bambancinsa da x² ba lamba tsayayya ba ce, akwai −6x a ciki, yana canzawa da x. A miƙaƙƙen layi ne kawai bambancin ke tsayawa a kan mh ko'ina, saboda gangarensa ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Wannan ne zai taimake su ranar da aka zo cike murabba'i, wato mayar da lissafi mai x² zuwa siffa mai baka irin (x − 3)², da ranar da aka ɗora musu sin(x − 30°) a jarrabawar WAEC ko NECO.

Da ni ne kai, ranar Litinin zan shiga ajin in ce wa yarinyar tambayarta ta fi amsar da na ba ta. Zan ba su labarin motocin nan ba tare da na rubuta ko harafi ɗaya ba, in bar su su faɗi da bakinsu ƙarfe nawa kowace ta isa Daura. Sannan jadawali, sannan igiya. Yaron kuma in kira shi allo in ba shi y = −2x + 4, in ce ya gusar da shi dama da uku, amma ya faɗa mana tukuna, sama yake zaton zai yi ko ƙasa. Mai yiwuwa ya ce ƙasa. In ya buɗe baka zai samu −2(x − 3) + 4 = −2x + 10, layin ya yanke layin y a 10 maimakon 4. Kada ka yi masa bayani. Miƙa masa alli ya zana duka biyun, ya sa ɗigo a (2, 0) da (5, 0), ya ƙirga gidajen da ke tsakani.